Me ake nufi da "unlimited" a tallan hostin?

Kalmar "unlimited" ta cika gari. Kamfanonin waya suna tallata data da ita a rediyo, masu sayar da hostin, wato hayar wurin ɗora shafin intanet, sun manna ta a jikin kusan kowane tsari, har ta kai wasu masu koyar da haɗa shafukan intanet suna faɗa wa ɗalibansu a guruf-guruf na WhatsApp cewa su sayi unlimited guda ɗaya su zuba shafukan dukkan kwastomominsu a ciki, shi ke nan. Wannan shawarar ce ke tayar da hankali, domin wanda ya bi ta ba zai ga illarta a wata na farko ko na uku ba. Sai ya tara kwastomomi goma, ya karɓi kuɗinsu na shekara, sannan komai ya tsaya a rana ɗaya.

Kowa ya san kalmar tana nufin abin da ba shi da iyaka, kuma kowa ya san babu kwamfutar da wurin ajiyarta ba ya cika. Ruɗanin ba a nan yake ba. Abin da kamfanin hostin yake nufi shi ne akwai abu biyu ko uku da ba zai sa maka mita a kansu ba: girman wurin ajiya, yawan datar da maziyarta ke ja daga shafinka, wani lokaci da yawan shafukan da za ka ɗora. Yana iya yin wannan alkawari ne saboda ya san yawancin shafuka ƙanana ne, ba sa cin ko kaɗan daga abin da aka ba su, don haka sai ya jera ɗaruruwan asusu a kan saba ɗaya, wato kwamfutar da ake ɗora shafukan a kanta. Iyakar tana nan daram, an ɗauke ta ne daga allon talla aka kai ta shafin sharuɗɗa, aka sa mata wasu sunaye. Kamar mai gidan haya ne ya ce ka ɗebi ruwan rijiya iya son ranka, amma guga ɗaya ya ba ka, kai kuma ka kwaso iyalai goma ka zuba a sashenka.

Iyakar da ta fi kama masu haɗa shafuka ba su shirya ba ita ce inod. A sabar da ke aiki da Linux, kowane fayil da kowace folda suna cin inod ɗaya, ko da girman fayil ɗin bai kai kilobait ɗaya ba. Tsarin da ya ce maka wurin ajiya ba iyaka kusan kullum yana da adadin inod da ba za ka wuce ba, galibi 'yan dubu ɗari. Adadin yana da yawa a ido har sai ka zauna ka yi lissafi.

A ce iyakarka 200,000 ce. WordPress, manhajar haɗa shafi, idan sabo ne ba a ƙara masa komai ba, yana zuwa da fayil kusan dubu uku. Ka ɗora masa jigo (tsarin kamannin shafi), da fulogin (ƙaramar manhajar da ke ƙara masa wani aiki) na tsara shafi, da na fom, da na tsaro, da na saurin buɗewa, ba wuya ya haura dubu goma. Shafuka goma irin wannan sun cinye rabin rabonka tun kafin kwastoma ya taɓa komai. Yanzu ɗaya daga cikinsu mai sayar da atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, ya ɗora hotuna dubu ɗaya. WordPress ba ya ajiye hoto guda kawai. Yana yanka masa ƙananan kwafi masu faɗin 150 da 300 da 768 da 1024, kuma tun sigar 5.3 da ta fito a 2019 ya ƙara 1536 da 2048 idan hoton babba ne, kamar yadda hotunan waya suke. WooCommerce, fulogin na shago, kuma ya yanka nasa guda uku. Hoto ɗaya ya zama fayil goma ke nan, hotuna dubu sun zama dubu goma, idan kuma akwai fulogin mai juya hotuna zuwa WebP sai adadin ya ninka. Wani kwastoman makaranta ce, ka buɗe wa ma'aikatanta akwatin imel goma sha biyar. A yawancin sabobin da ke amfani da cPanel, allon sarrafa asusun hostin, kowane saƙon imel fayil ne mai zaman kansa, har na cikin foldar shara da na banza. Idan kowane akwati ya tara saƙo dubu biyar, dubu saba'in da biyar ke nan. Ka haɗa da fayilolin wucin gadi da fulogin na saurin buɗewa ke zubawa kullum, ka riga ka wuce iyaka, alhali allon cPanel yana nuna maka gigabait kaɗan kawai ka ci.

Abin takaicin shi ne yadda cikar inod ke bayyana. Shafukan sukan ci gaba da buɗewa, don haka ba ka san komai ba, amma asusun ya daina iya ƙirƙirar sabon fayil. Saƙonnin da ake aiko wa kwastomomi suna komawa ga masu aiko su, ɗora hoto ya ƙi, duk abin da ke ajiye zaman mai shiga a fayil ya fara korar mutane, sabunta fulogin ya tsaya a tsakiya ya bar shafi fari fat. Kuma wannan yana faruwa ga kwastomomi goman a lokaci guda, saboda tarin imel na mutum ɗaya.

Iyaka ta biyu ta ƙarfin aiki ce. Kamfanoni da yawa suna amfani da CloudLinux, wanda ke killace kowane asusu da nasa kason furosesa, da RAM, da saurin karatu da rubutu a faifai, da yawan buƙatun PHP da za su shiga a lokaci guda. Saitin da CloudLinux ke zuwa da shi shi ne furosesa ɗaya, RAM gigabait ɗaya, buƙatu ashirin, kodayake kowane kamfani yana iya ɗagawa ko ragewa. Wasu suna ɗaukar ashirin ɗin a matsayin yawan maziyarta, ba haka ba ne. Shafin da ke haɗuwa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa yana sakin gurbinsa nan take, don haka mutane da yawa za su iya wucewa ta gurbi ashirin. Matsalar tana ga shafi mai nauyi da ke riƙe gurbi daƙiƙa huɗu ko biyar. Ranar da waccan makaranta ta saki sakamakon jarrabawa iyaye suka yi mata ca, ko daren da injinan masu kutse suka dage da gwada kalmomin sirri a wp-login.php, ƙofar shiga WordPress, guraben sun cika, sai kowa ya ga "508 Resource Limit Is Reached". Wannan kaso na asusu ne gaba ɗaya, ba na kowane shafi ba. Mai atamfa da bai san da zaman makarantar ba shi ma shagonsa ya rufe.

Duk wannan da sauƙi idan aka kwatanta da alkawarin "shafuka ba iyaka", wanda shi ne mafi hatsari ga mai sana'ar yi wa mutane shafi. A tsarin haɗaka na yau da kullum, inda masu haya da yawa ke zaune a saba ɗaya, ƙarin shafin da ka ɗora folda ce kawai a cikin asusu ɗaya, ƙarƙashin mai amfani ɗaya na Linux. Katangar da kamfanin ya gina tana tsakaninka da sauran masu haya a sabar, babu wata katanga tsakanin foldojin da ke cikin asusunka. Idan aka shigo ta tsohon fulogin da aka manta ba a sabunta ba a shafi ɗaya, mai kutsen zai iya karanta wp-config.php, fayil ɗin saitin WordPress, na sauran shafukan duka, ya kwashi kalmomin sirrin rumbun bayanansu, ya dasa nasa fayilolin a ko'ina. Ka share shafi ɗaya yau, gobe cutar ta dawo daga maƙwabcinsa. Akwai kuma batun amana. Ranar da kwastoma ya nemi kalmar sirrin cPanel ɗinsa, wanda haƙƙinsa ne tunda shi ya biya, ba ka da abin da za ka ba shi sai wadda ke buɗe imel da fayilolin kowa. Ko ka hana shi ya ɗauke ka mai riƙe masa kaya, ko ka ba shi ka ci amanar sauran. Shi ya sa nake ganin wannan tsari bai dace a ɗora dukiyar wani a kansa ba, komai arharsa.

Abin da aka ƙera domin wannan sana'a shi ne hostin na risela, wato na mai sari ya sayar. Ana ba ka WHM, daga ciki kake buɗe wa kowane kwastoma cPanel nasa, da mai amfani nasa, da kason ajiya da inod nasa. Wanda ya cika ya cika shi kaɗai, wanda aka yi wa kutse abin ya tsaya a kansa, wanda bai biya ba ka dakatar da shi da danni ɗaya, wanda yake son tafiya ka haɗa masa cikakken kwafin asusunsa ka miƙa masa. Za ka lura tsarin risela yakan faɗi adadin asusu ƙarara, 25 ko 50 ko 100. Dalili shi ne a 2019 cPanel ya sauya farashin lasisinsa zuwa biya gwargwadon yawan asusu, don haka kowane asusu kuɗi ne a wurin kamfanin hostin. Idan ka ga risela mai cPanel yana cewa asusu ba iyaka a farashi mai rahusa, ka tambaya sosai kafin ka biya. Wasu kamfanonin sun koma DirectAdmin, wani allon sarrafawa irin cPanel, saboda haka, kuma yana yin aikin. Haka nan ka tabbatar kason furosesa da RAM na kowane asusu ne daban, domin akwai masu ɗora iyaka ɗaya a kan riselan gaba ɗaya.

Game da VPS, wato yankin saba da ake ware maka kai kaɗai, ba na ba sabon mai sana'a shawarar ya fara da wanda zai kula da shi da kansa. Sabunta saba, katangar tsaro, saitin imel da gyara da tsakar dare duk za su dawo kanka, kai kuma haɗa shafi aka biya ka.

Imel "ba iyaka" ma yawan akwatuna ake nufi, ba yawan aikawa ba. Akwai adadin saƙon da za a aika a sa'a, yawanci 'yan ɗaruruwa, kuma adireshin IP na sabar na haɗaka ne, idan wani ya aika saƙonnin banza aka sa adireshin a jerin masu laifi na Spamhaus, na kwastomanka ma sai su riƙa faɗawa foldar banza. Tun Fabrairun 2024 Gmail yana buƙatar mai aikawa ya saita SPF ko DKIM, masu aika da yawa kuma har da DMARC, dukkansu saitoci ne masu tabbatar da cewa saƙo daga adireshinka ya fito. Ka saita dukkansu ranar da ka buɗe asusu.

Kafin ka biya, ka rubuta wa kamfanin ka nemi lambobi: inod nawa, RAM nawa, buƙatu nawa a lokaci guda, imel nawa a sa'a. Yadda suka amsa da saurin amsar ma gwaji ne na irin taimakon da za ka samu ranar matsala. Ka tambayi farashin sabuntawa, domin na talla na zangon farko ne kawai. Idan da dala ake biya ka sa wannan a lissafin abin da za ka caji kwastoma: a farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya yanka wa kwastoma farashin shekara biyu da naira ya cika sauran daga aljihunsa. Sai batun kwafin ajiya. Kamfanoni da dama suna rubuta cewa asusun da ya wuce wani girma ko wani adadin inod ba ya cikin waɗanda ake yi wa kwafi, wato manyan asusun da suka fi buƙata su ne aka cire. Ka ajiye naka kwafin a wani wuri da ba sabar ba, kuma lokaci-lokaci ka gwada dawo da shafi ɗaya daga ciki ka ga yana tashi.

Wanda ya riga ya tara kwastomomi a asusu ɗaya yana iya raba su, amma ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe sabon asusu a WHM, ka kwashe fayiloli da rumbun bayanai da akwatunan imel, ka rage TTL na domen (tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshin shafi kafin a sake dubawa) zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya kafin sauyawa, ka canza dukkan kalmomin sirri tunda sun taɓa zama wuri ɗaya. Ka fara da wanda ke da imel mafi yawa ko shagon da ake biya ta cikinsa, kuma kada ka goge tsohuwar foldar sai bayan mako ɗaya ka tabbatar saƙonni suna sauka a sabon wurin.