Hukumomin binciken hatsarin jiragen sama

Hukumar binciken hatsarin jiragen sama ma'aikata ce ta gwamnati da ke gano abin da ya sa jirgi ya faɗi, ko ya tsallake rijiya da baya, sannan ta ba da shawarwarin da za su hana aukuwar irinsa. Aikin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda ta kafa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Kundi na 13 na ƙa'idojinta ya tanadi cewa manufar binciken rigakafi ce kawai, ba ɗora laifi ba. Wannan ƙa'ida ita ce ƙashin bayan aikin, domin makanike ko matuƙin da ke tsoron gidan yari ba zai buɗe baki ya faɗi abin da ya gani ba.

Ƙasar da hatsarin ya auku a cikinta ita ke jan ragamar bincike. Ƙasar da jirgin ke da rajista, da ta kamfanin da ke aiki da shi, da wadda ta ƙera shi, duk suna da damar turo wakilai. Ana fitar da rahoton farko cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin wata 12 in da hali.

Daga cikin fitattunsu akwai BEA ta Faransa (1946), AAIB ta Birtaniya, da NTSB ta Amurka, wadda aka kafa a 1967, dokar 1974 kuma ta cire ta daga ƙarƙashin ma'aikatar sufuri don kada mai sa ido ya zama mai binciken kansa. A Najeriya, dokar 2022 ta kafa NSIB a madadin AIB, tsohuwar hukumar binciken hatsarin jiragen sama, aka haɗa mata da jiragen ƙasa da na ruwa. Shawara kawai waɗannan hukumomi suke bayarwa. Tilastawa aikin hukumomin kula da sufurin jiragen sama ne, irin FAA ta Amurka da NCAA ta Najeriya, shi ya sa wata shawarar kan yi shekaru a takarda.

Masu bincike kan tattara tarkace, su duba takardun gyara, su saurari "baƙin akwati", wato na'urori biyu masu launin ruwan lemo: ɗaya na naɗar muryoyin matuƙa, ɗaya bayanan tafiyar jirgi. Sau da yawa abin da ake ganowa ƙarami ne ƙwarai. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da Nigeria Airways ya yi haya, ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an sani, amma aka sallami jirgin gudun jinkiri. Tayoyi suka fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, matuƙa suka naɗe su cikin jirgi ba su sani ba, don babu na'urar gargaɗin wuta a ma'ajiyarsu. Duk mutum 261 suka rasu.

Wani binciken kuwa haƙuri yake ci. Jirgin Air France mai lamba 447 ya faɗa tekun Atilantika ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, sai a Mayun 2011 aka tsamo akwatunansa daga zurfin kusan mita 3,900. BEA ta gano ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu, matuƙan kuma ba su gane cewa jirgin ya daina samun iskar da ke riƙe shi ba. Bayan haka aka sauya horon matuƙa, aka kuma tsawaita ƙarfin na'urar da ke nuna inda akwatin yake cikin ruwa daga kwana 30 zuwa 90.