Dijital ɗin da ke ɗakinka daban, wanda doka ke nufi daban

Ranar da na ce wa kawuna a Gadarif duniya ta bar tsohon tsarin talabijin ta koma dijital, hannu kawai ya miƙa ya nuna mini ɗan akwatin da ke ƙarƙashin talabijin ɗinsa. "Ɗana, ai mu mun daɗe da dijital." Kuma gaskiya ya faɗa. A nan Sudan akwatin da ake haɗawa da dish shi muke kira dijital, shi ya sa da yawanmu ke ɗauka maganar ba ta shafe mu ba.

Abin da dokar komawa dijital ke magana a kai shi ne talabijin na ƙasa, wanda ake watsowa daga dogon ƙarfen tasha, kai kuma ka kama shi da eriyar da ka ɗaura a kan gora. Shi ne irin wanda aka fara a Umdurman a farkon shekarun 1960, daga baya Wad Madani ta sami tata tashar. Dish kuwa daga tauraron ɗan'adam yake sha, Nilesat ko Arabsat, kuma ƙa'idojinsa daban ne.

Asalin dokar yarjejeniya ce da aka ƙulla a birnin Janeba a watan Yunin 2006, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU. Ƙasashe fiye da 100 na Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka zauna suka raba zangunan watsa talabijin a tsakaninsu, kamar yadda ake raba gona a kafa iyaka. Zango biyu aka raba: VHF, daga megahaz 174 zuwa 230, da UHF, daga 470 zuwa 862. Aka sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsarin, wato analog. Wasu ƙasashe, har da Sudan da Masar da Chadi da Najeriya, aka ƙara musu shekara biyar a zangon VHF kaɗai, zuwa 17 ga Yuni 2020.

A nan ne mutane suka fi kuskuren fahimta. Yarjejeniyar ba ta ce a ƙwace tsohon talabijin ɗin kowa ba, ba ta kuma yanka tara ga ƙasar da ta makara ba. Kariya ta janye. Kafin wa'adin, idan siginar maƙwabciya ta shigo ta ɓata maka hoto, ƙasarka na da bakin kai ƙara. Bayan wa'adin, tashar analog ba ta da wannan haƙƙin. Idan ma ita ce ta dagula wa maƙwabta siginarsu ta dijital, ita za a ce ta rage ƙarfi ko ta kashe. Sigina ba ta san shingen kan iyaka ba, don haka mutanen Gadarif da Kasala, da ke maƙwabtaka da Habasha da Eritiriya, su ne farkon waɗanda wannan sharaɗi ke taɓawa. Haka ma Bur Sudan: lokacin zafi sigina kan yi nisan tafiya a saman Bahar Maliya, ga Jidda can a ɗaya gaɓar, kuma Saudiyya na cikin yarjejeniyar.

Me ya kawo sauyin tun farko? Ƙarancin wuri. A analog, tasha ɗaya tak ke cinye gurbi guda, mai faɗin megahaz 8 a zangon UHF. A tsarin dijital na talabijin na ƙasa, wato DVB-T2, wannan gurbin kan ɗauki tashoshi goma sha wani abu, hoto garau. Sai dai dijital ba ya da tsaka-tsaki. Da, in kana nesa da tasha, kana iya juya eriya ka kalli labarai ko da hoton na rawa. Yanzu ko ya zo cif, ko ya daskare ya ɗauke.

Wurin da ya rage bayan an matse tashoshin ba a bar shi fili ba. A tarukan ITU na 2007 da 2012 an amince a buɗe saman zangon UHF, wato sashen megahaz 800 da na 700, ga wayar salula. Waɗannan zanguna suna tafiya nesa, suna ratsa bango, don haka da turaku kaɗan kamfani zai kai intanet ƙauyuka. Dukiya ce ta gaske. A Sudan, raba zango da ba da lasisinsa na hannun hukumar kula da sadarwa da gidan waya, wadda dokar 2018 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar sadarwa.

To wa zai biya kuɗin sauyin? Mai dish ba ruwansa. Mai sabon talabijin da ke ɗauke da DVB-T2 a cikinsa eriya kawai yake buƙata. Wanda abin zai faɗa wa shi ne mai tsohon akwati da eriyar gora, wanda sai ya sayi dikoda, kuma galibi shi ne mafi ƙaramin ƙarfi a unguwa. Wannan ne ke ci mini rai. Amurka, da duk arzikinta, sai da ta raba wa gidaje takardar rangwamen dala 40 ta sayen dikoda kafin ta kashe analog a 2009. Idan gwamnati za ta karɓi kuɗin lasisi daga kamfanonin waya a kan zangon da aka ɗauke daga talabijin ɗin talaka, adalci shi ne a cire kuɗin dikodarsa daga ciki.

Na san yaƙi ya sa maganar ta zama kamar ba lokacinta ba. A Afrilun 2023 ginin rediyo da talabijin na Umdurman ya zama fagen daga, tashar ƙasa ta koma watsowa daga Bur Sudan. Amma duk tashar da za a sake ginawa, a ƙarƙashin wannan yarjejeniya za a gina ta, kuma a lokacin ne za a yanke wa zai sami gurbi. Tunda gurbi guda zai ɗauki tashoshi da yawa, uzurin "babu wuri" ya faɗi. Hausawan Mai Wurno da Damazin da Gadarif suna da hujjar neman a ware wa harsunan ƙasa tasha ta kyauta, wadda ba a kulle ta da kati ba, kuma gara a nema tun ana rubuta sharuɗɗan lasisi.

Kafin nan, Kawu, in za ka sayi talabijin ko dikoda a kasuwa, juya bayan kwalin ka duba. In DVB-S2 kaɗai aka rubuta, na dish ne. Wanda zai kama tashar ƙasa da eriya sai ka ga DVB-T2.