Hawan dutse zango-zango da sabon shiga

Hawan dutse zango-zango shi ne hawan bangon dutsen da tsayinsa ya wuce tsawon igiya guda, sai an raba shi kashi-kashi. Igiyar da aka fi amfani da ita mita 60 ce ko 70. Jagora ya hau har ya sami wurin tsayawa, ya ɗaure kansa a jikin dutsen, ya janyo ragowar igiya, sannan na ƙasa ya biyo shi yana ciro ƙarafan kariyar da aka saƙala a hanya. In sun haɗu sai a sake tashi. Tsarin ya yi kama da na fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro: madugu a gaba, ayari a baya, a yada zango a huta, kuma daga wannan kalma ce unguwannin Zongo na Ghana suka sami sunansu. Fitaccen misali a duniya shi ne hanyar The Nose a dutsen El Capitan na Amurka, mai kusan mita 900 da zango wajen 31, wadda Warren Harding da abokansa biyu suka fara kammalawa a 1958.

Ga matasan unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zongo na birnin Accra, duwatsun da suka fi kusa su ne na Shai Hills, kimanin kilomita 50 daga Accra, da dutsen Krobo kusa da Somanya, wanda Turawan Ingila suka tilasta wa mutanen Krobo barinsa a 1892.

Inda tsoro yake

Masu koyarwa da yawa kan ɗauka wahalar hawan ce ke firgita sabon shiga. A gaskiya abin da ya fi karya masa zuciya shi ne lokacin da jagora ya sha kwana ya ɓace masa. Yaro ɗan shekara 14 na tsaye a kan tsagar da ba ta fi faɗin tabarmar salla ba, ƙasa ta yi nisa, iska na kwashe murya, igiya kaɗai ke motsi a hannunsa. Ƙafa ta fara rawa, baki ya bushe. A nan ne wasu ke aikata abin da ba ya gyaruwa, wato taɓa ƙulli ko buɗe ƙugiya. Saboda haka ƙa'ida ta farko da ake maimaita masa tun a ƙasa ita ce kada ya kwance komai sai an kira sunansa an ce ya kwance.

Jagora mai hankali yakan gina tafiyar gaba ɗaya a kan wannan lokaci. Yakan gajarta zango zuwa mita 20 ko 25 ko da igiya ta isa ninkin haka, don su riƙa ganin juna. Yakan zaɓi hanyar da ya taɓa hawa, wadda ta yi masa sauƙi ƙwarai har faɗuwarsa ta zama abu mai wuya, domin sabon shiga bai kamata a dogara da shi wajen tare jagoran da ya faɗo ba. In da hali, a ɗauki mutum na uku mai gogewa ya tsaya tare da yaron. Hanyar da ke tafiya a gicciye ita ce mafi muni gare shi: in ya zame, igiya za ta yi lilo da shi ya bugi dutse, sai in jagora ya yawaita ƙarafan kariya saboda shi.

Kiran da za a yi amfani da shi a gajarta shi, a kuma gwada shi a ƙasa. "Kawu, ja igiya!" "Yaya, riƙe ni!" "Na ɗaure!" Ana haɗawa da suna ko laƙabi don kada a ruɗe da kiran wasu masu hawa. Inda murya ba ta kaiwa, wasu na amfani da ƙaramar rediyon hannu.

Kaya da sauka

Hular kwano dole ce, don tsakuwar da jagora ko igiya ke turowa kan na ƙasa take faɗawa. Ƙaramin yaro da ƙugunsa bai fito ba ana sa masa ɗamara mai kama ƙirji da cinyoyi, don kada ya zame daga cikinta in ya kifa. Igiya ana ɗaura ta da ƙulli mai siffar 8, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Kayan kirki na ɗauke da shaidar UIAA, ƙungiyar masu hawan dutse ta duniya, wadda aka kafa a Chamonix ta Faransa a 1932.

Sauka da igiya na cikin wuraren da haɗari ya fi aukuwa, don mutum ya gaji kuma rayuwarsa duka na rataye a kan abin da ya ɗaura. Ana ƙulle ƙarshen igiya, a ƙara ƙullin Prusik mai damƙe igiya in hannu ya suɓuce, wanda ya sami sunansa daga Karl Prusik ɗan Ostiriya. Ga mai tsoro, ya fi kyau a zaɓi dutsen da ake sauka ta bayansa da ƙafa.

A kudancin Ghana rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu na rufewa da wuri, ga dutse da ke ɗaukar zafi tun hantsi. Shi ya sa ake barin Accra bayan sallar asuba, da isasshen ruwa da tocila. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, dutse a bushe yake. Daga Afrilu zuwa Yuni hadari kan taso, kuma jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. In yaro ya ce ba zai iya ci gaba ba a zango na farko, nan ne sauka ta fi sauƙi, kuma jagora ya kamata ya riga ya san yadda zai saukar da shi tun kafin su bar ƙasa.