Waiwaye: Yadda gajiyar ƙarfe ke cin tsofaffin jiragen dakon kaya

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙe ta har ta karye a hannunsa, ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Jirgin sama ma haka yake sha. Duk tashi ɗaya gangar jikinsa na kumbura saboda iskar da ake matsawa a ciki, in ya sauko ta saki. Shi ya sa masu gyara ke auna tsufan jirgi da yawan tashi da saukarsa fiye da shekarunsa.

Jirgin Comet na Ingila ne ya fara buɗe wa duniya ido. A 1954 guda biyu suka tarwatse a sama cikin wata uku. Masu bincike suka tsoma gangar wani Comet a katon tankin ruwa a garin Farnborough na Ingila, suna matsa ta suna saki, har ta tsage daga kusurwar wata taga.

Amma me ya sa matsalar ta fi liƙe wa jiragen kaya? Kuɗi ne. Yawancinsu jiragen fasinja ne da aka gama mora, aka cire kujeru, aka yanka musu babbar ƙofa. Da yawansu awoyi kaɗan suke tashi a rana, don haka sayen sabo ba ya biyan kansa.

A Mayun 1977 wani Boeing 707 na kamfanin Dan-Air yana shirin sauka a Lusaka ta Zambiya da kaya, sai ɓangaren dama na wutsiyarsa ya ɓalle. Mutum 6 da ke ciki duk suka rasu. Abin da ya tayar da hankali shi ne, an ƙera wutsiyar ne bisa tunanin cewa in ƙarfe ɗaya ya tsage, na kusa da shi zai riƙe nauyin har a gano. Ba a gano ba, domin irin duban da ake yi a lokacin bai isa ya hango tsagar ba.

Sai kuma maƙalar inji, wato ƙarfen da ke riƙe inji a jikin fiffike. A Oktoban 1992 ƙusar da ke riƙe injin wani Boeing 747 na kamfanin El Al ta karye jim kaɗan bayan ya bar Amsterdam. Injin ya fizge, ya tafi da na kusa da shi, jirgin ya faɗa kan gidaje, mutum 43 suka mutu, akasarinsu a ƙasa.

Sai a 2010 hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta wajabta wa masu ƙera manyan jirage su yanka iyakar tashi da saukar da jirgi ba zai wuce ba. A ganina an makara, kuma dokar ba ta rufe ƙofar ba. A Nuwamban 2025 injin hagu na wani jirgin MD-11 na kamfanin UPS, ƙirar 1991, ya ɓalle yana tashi daga Louisville ta Amurka, kuma binciken farko ya sami tsagar gajiya a maƙalar injin.