Gishiri Sau Uku a Tukunya Ɗaya: Uwargida, a Rage Hannu

Akwai maganar da na gaji da ji a ɗakin awo. Sai in ɗaura wa mutum abin awon jini a dantse, ya nuna 170 bisa 100, wato jininsa ya hau, in tambaye shi yadda ake masa girki a gida, amsar kullum ɗaya ce: "Ai ni tuni na bar cin gishiri." To Malam, da me ake miyar? "Dunƙule kawai ake sa mini." Guda nawa? Sai ya waiwaya ya kalli uwargida, ita kuma ta ce ya danganta da girman tukunya.

Jama'a, dunƙulen nan gishiri ne. Kusan rabin nauyinsa gishiri ne zalla, wani ma ya fi rabi. Garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara shi ma haka. Farin sinadarin nan mai ƙyalli da ake barbaɗawa a ƙarshe yana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma sodiyam ɗin ne ke tayar da jini. Sai ki ga mace ta zuba gishiri tun a ruwan sanwa, ta marmasa dunƙule huɗu, ta kawo garin ɗanɗano ta ƙara, ta ɗanɗana a tafin hannu, ta ce bai ji ba. Gishiri sau uku ke nan a tukunya ɗaya, kuma a ranta sau ɗaya ta sa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini. Giram 5 bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan na yini ne gaba ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da biskit da abincin gwangwani. Abin da mutanen duniya ke ci a matsakaici ya haura giram 10, ninki biyu har da ɗoriya. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.9 ke mutuwa duk shekara ta dalilin yawan sodiyam. Tun 2013 ƙasashe suka yi alkawarin rage cin gishiri da kashi 30 cikin 100 kafin 2025, rahoton hukumar na 2023 ya nuna ba a kama hanyar cika alkawarin ba. Su can suna ta taro, mu kuma muna karɓar waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, da waɗanda ƙodarsu ta gaza, da masu kumburin ƙafa da numfashi sama-sama.

Na san uwargida ba mugunta take yi ba. So take iyalinta su ci su yi santi, kuma gajiya ta yi mata yawa, ga aiki ga yara. Shi ya sa ba zan ce ki bar girki mai sauƙi ba. Miya ta minti talatin, salak, taliya, duk abinci ne mai kyau ga iyali. Hannun ne kawai nake so a rage.

Bari in fara da taliyar leda, don ita ta fi ba ni takaici. A Japan aka ƙirƙiro ta a 1958 don mai sauri ya samu abin sawa a ciki, yanzu ta zama abincin safe da na dare na yara a gidaje da yawa. Juya ledar ki duba bayanta, ki nemi inda aka rubuta yawan sodiyam. Duk abin da kika gani, ki ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Leda ɗaya kan kwashe kaso mai tsoka na abin da aka yarje wa babba a yini, balle yaro ɗan shekara biyar wanda nasa kason bai kai na babba ba. Amma me ake yi? A dafa leda biyar, a juye garin ɗanɗano biyar, a ƙara dunƙule "don ta yi daɗi", a buɗe kifin gwangwani a juye har ruwansa. Sannan a miƙa wa ƙaramin yaro takardar garin ya yage ta da haƙori yana lasa, bakinsa duk ya yi rawaya, ana masa dariya. Haba iyaye! Harshen yaro abin da kika saba masa shi zai nema har girmansa.

Ga yadda za ki yi, kuma ba zai ƙara miki ko minti goma ba. Leda huɗu, garin ɗanɗano biyu, sauran biyun a kwandon shara, kada ki ajiye su don miyar gobe. Ki soya albasa da ɗan mai har ta yi laushi ta fara ja, ki sa tafarnuwa da citta, ki zuba yankakken karas da kabeji da koren wake da tattasai. Sai ruwa, sai taliyar. In ta kusa dahuwa ki fasa ƙwai a kai ko ki sa guntun kaza da ya rage. Kayan lambun su kai yawan taliyar a ido. Ba dunƙule, ba gishiri. In da romo kika yi ta, kada ki matsa wa yaro ya shanye ruwan, nan gishirin ya taru. Taliya ta gari wadda ba ta zuwa da garin ɗanɗano ma ta fi, don ke ce mai iko da abin da ya shiga tukunyar.

Miya kuwa, yawancin masu cika mata sinadari gaggawa ce ta sa su. An watsa komai cikin ruwa lokaci ɗaya, ba a bar komai ya ba da ɗanɗanonsa ba, miya ta fito salam, sai a nemi dunƙule ya rufa asiri. Ki ba albasa lokacinta a kan wuta kaɗan-kaɗan. Ki bar tumatir ya soyu har tsaminsa ya tafi, mai ya taso. Ƙashin kaza ko na nama da kan kifi, in kika tafasa su da albasa da citta da kanumfari, romon da za su ba ki ba dunƙulen da zai kamo ƙafarsa, kuma kina iya ƙulla shi a firji ki riƙa ɗiba. Da romon nan, dankali da karas da kabewa da wake sun zama miyar dare. Ganye a ƙarshe, minti biyu zuwa uku, ki sauke yana kore. Gishirin ki auna shi da cokali, ki sa sau ɗaya, dab da saukewa. In kin ɗanɗana kin ji kamar da saura, matsa lemun tsami kaɗan kafin hannunki ya koma kan gishiri. Sau da yawa tsamin ne ya rasa.

Wani abu da ba a lura da shi: miyar da ake ɗumamawa yau da gobe ruwanta ke ƙonewa, gishirin yana nan. Kowane ɗumame ƙara mata ƙarfi yake yi. Ruwa za ki ƙara, amma sai in ji ana cewa "na ɗan gyara ta", wato an sake marmasa dunƙule.

Salak ba shi da dogon bayani. Latas, kokwamba, tumatir, karas, albasa, dafaffen ƙwai ko dafaffen wake. A wanke da ruwa mai tsabta ganye-ganye, in an jiƙa da gishiri a ɗauraye sosai. Lemun tsami da ɗan mai sun wadatar. Abin da ke ɓata shi shi ne a lafta masa kirim na kwalba da waken gwangwani da naman gwangwani, har ganyen ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya na son kowa ya samu giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kuma sinadarin fotasiyam da ke cikinsu na taimakawa wajen sauke jini. Kada a ba da lafiya da hannun dama a karɓe da na hagu.

Yanzu kai maigida, da kai nake. Mata da yawa sun gaya mini sun rage, mijin ne ya ture kwano ya ce an ba shi lami, ko ya aika yaro ya kawo masa gishiri ya barbaɗa a kan abincin da aka riga aka gama. Alhaji, jinin naka ne ya hau, ba nata ba. Kullum kana cewa tunani ne ya jawo maka, kuma ban ce tunani ba ya taka rawa ba, amma kwanon gabanka fa? Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni in aka rage sannu a hankali, har ka zo kana jin abincin waje ya yi maka gishiri. Haƙurin makonnin nan ne ya gagare ka? Hawan jini ba ya sallama. Sama da mutum biliyan ɗaya ke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, don mutum na iya kai 140 bisa 90 ya wuce yana jin kansa garau.

Kuma kada a ware wa mai hawan jini 'yar tukunyarsa ta daban sauran gida na ci gaba da shan gishiri. Ba ya ɗorewa, uwargida za ta gaji, shi kuma zai riƙa satar na yara. A rage wa kowa.

A taƙaice, don layi na jira na:

- Gishiri da cokali, ba da hannu ba, kuma mai sinadarin aidin.
- In dunƙule ya shiga, gishiri ya haƙura. Wannan makon ki rage guda ɗaya, mako mai zuwa ki sake rage ɗaya.
- Rabin garin ɗanɗanon taliya, kuma ba kullum ba.
- Wake da masarar gwangwani a tsiyaye ruwan a ɗauraye.
- Jaririn da bai kai shekara ba, ba gishiri ba dunƙule a abincinsa, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba.
- A ɗauke gishiri daga wurin cin abinci.

Akwai gishirin da ake sayarwa mai ƙarancin sodiyam, wanda aka haɗa da fotasiyam. Yana da amfani ga manya, amma mai ciwon ƙoda da mai shan wasu magungunan hawan jini kada su taɓa shi sai sun tambayi likita. Wanda kuma aka ɗora a kan magani, rage gishiri ba lasisin ajiye maganin ba ne, ya ci gaba da sha, ya zo mu auna. In za ka zo, ka taho da wadda ke riƙe da ludayin, da ita nake son magana.