Waiwaye: Yadda ƙuri'ar 'yan shekara 16 ta faro daga ƙananan hukumomi

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, shekara 21 ce galibin ƙasashe suka ɗauka a matsayin lokacin da mutum ya isa kaɗa ƙuri'a. Birtaniya ta sauko da ita zuwa 18 a 1969, Amurka kuma ta bi sahu a 1971 da gyara na 26 ga tsarin mulkinta, a daidai lokacin da ake ɗibar samari ana kai su yaƙin Biyetnam alhali ba su da ikon zaɓen shugabannin da suka tura su. Saukowa zuwa 16 kuwa ta bi wata hanya dabam. Nikaragua ta yi hakan a 1984, Brazil a 1988, amma a Turai da Amurka ƙananan hukumomi ne suka fara buɗe ƙofar.

Jihar Niedersachsen ta Jamus ce ta soma, inda 'yan shekara 16 suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1996. Dalilin farawa daga ƙasa a bayyane yake, domin majalisar gari ce ke da ta cewa kan ginin makarantu da motocin safa da filayen wasa, wato abubuwan da matashi ya fi iyayensa sanin halin da suke ciki, sannan 'yan siyasa sun ga cewa ko gwajin bai yi kyau ba, ɓarnar ba za ta wuce gari ɗaya ba. A yau mafi yawan jihohin Jamus sun rungumi tsarin, ko da yake zaɓen majalisar tarayya yana nan a kan 18. Ostiriya ta fara da wasu jihohinta, sannan a 2007 ta zama ƙasa ta farko a Tarayyar Turai da ta faɗaɗa shi zuwa dukan zaɓuɓɓuka. Malta ma ta bi wannan tsani, daga ƙananan hukumomi zuwa zaɓen ƙasa a 2018.

Masu adawa ba su taɓa rasa abin faɗa ba. Suna cewa hankalin ɗan shekara 16 bai gama nuna ba, cewa zai zaɓi wanda mahaifinsa ko malaminsa ya nuna masa, kuma jam'iyyun da ke matsa wa batun suna hangen ƙuri'un da za su samu ne kawai. Zargi na ƙarshen yana da ƙamshin gaskiya, don da wuya a ga jam'iyya tana neman ƙara masu zaɓen da take tsammanin za su juya mata baya. Sai dai fargabar da aka fi yayatawa, cewa yaran ba za su fito ba, ita ce alƙaluma suka fi ƙaryatawa. A gwajin da Norway ta yi a ƙananan hukumomi 20 a 2011, kimanin kashi 58 cikin ɗari na 'yan shekara 16 da 17 sun fito, suka zarce yayyensu masu 18 zuwa 21. A ƙuri'ar raba gardama ta Scotland kan ɓallewa daga Birtaniya a 2014, binciken hukumar zaɓe ya nuna kashi 75 na 'yan 16 da 17 ne suka fito, yayin da 'yan 18 zuwa 24 suka tsaya a kashi 54, abin da ya sa majalisar yankin ta tabbatar da tsarin a 2015 har ga zaɓen ƙananan hukumomi. A ganina wannan ce hujja mafi nauyi a duk muhawarar, saboda ɗan shekara 16 yana gidan iyayensa, yana makarantar unguwarsu, ya san rumfar zaɓe, shi kuwa mai 19 sau da yawa ya bar gari neman ilimi ko abinci, kuma wanda ya kuskure zaɓensa na farko ba kasafai yake sabawa da fita ba.

A Amurka, garin Takoma Park na jihar Maryland ne ya fara a 2013, kasancewar dokar jihar ta bar wa garuruwa ikon tsara zaɓensu. Amma tafiyar ba ta miƙe ko'ina ba. Mutanen San Francisco sun ƙi amincewa sau biyu, a 2016 da 2020. Norway ba ta mayar da gwajinta doka ba. A New Zealand, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2022 cewa ba a kawo hujjar hana 'yan shekara 16 zaɓe ba, aka gabatar da ƙudurin ba su dama a ƙananan hukumomi, sai sabuwar gwamnati ta janye shi a farkon 2024. Gwamnatin Birtaniya kuwa ta sanar a Yulin 2025 cewa za ta sauko da shekarun zuwa 16 a dukan zaɓuɓɓuka.

A Najeriya tsarin mulkin 1999 ya tsayar da 18, kuma gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018 shekarun tsayawa takara ya rage, kamar na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, bai taɓa na masu zaɓe ba. A wannan shekarar ce kuma hotunan da ake zargin na ƙananan yara ne suna dangwala ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomin Kano suka jawo ce-ce-ku-ce, har hukumar zaɓe ta ƙasa ta kafa kwamitin bincike.