Waiwaye: Bauchi, malamai da fitinar Boko Haram

Idan ana maganar Boko Haram, Maiduguri ake fara tunawa, amma a Bauchi aka fara harba bindigar rikicin 2009. Ranar 26 ga Yuli mabiyan Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar, suka auka wa ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, a zamanin Gwamna Isa Yuguda. Wutar ta bazu zuwa Potiskum da Wudil da Maiduguri, inda aka kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. Dattawan Gombe kuwa sun ga irinta tun 1985, da 'yan Maitatsine suka tayar da ƙura a unguwar Pantami.

Masu tambayar ina malamai suke sun manta cewa su suka fara tarar abin, tun hukuma na barci. A 2006 Isa Ali Pantami, yana limamin masallacin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zauna muƙabala da Yusuf a kan karatun boko da aikin gwamnati, kowa yana jawo hujjarsa daga littafi. Faifan ya zagaya gari, matasa suna tura wa juna a waya. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ma ya sha yi wa Yusuf raddi kafin a harbe shi yana jan sallar asuba a Ɗorayi, Kano, a Afrilun 2007, kisan da da yawa ke ɗorawa kan almajiran Yusuf.

Sai dai wanda ya riga ya kafirta ka ba ya sauraron hujjarka. A nan, a ganina, malamai suna da nasu laifin: shekarun da Izala da Ɗariƙa suka ɓata suna jifan juna da kalamai masu zafi sun saba wa kunnen matasa da kafirtawa.

A Satumbar 2010, cikin azumi, 'yan ƙungiyar suka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka tsere. Daga nan malamai da sarakuna suka zama abin farauta. A 2014 kaɗai an kashe Sheikh Albani a Zariya, an kashe Sarkin Gwoza Idrisa Timta a hanyarsa ta zuwa jana'izar Sarkin Gombe Shehu Abubakar, sannan a Yuli bam ya tashi a Kaduna a hanyar Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi bayan rufe tafsiri. Shehin ya tsira, mutane da dama suka rasu. Mai bam bai tambayi kowa ko ɗan Izala ne ko ɗan Tijjaniyya ba.